Yadda Za Ka Zaɓi Ƙaramin Allon Taɓawa Don Ɗaukar Sauti da Kwamfuta a Lokeshin

Yawancin masu ɗaukar sauti a finafinanmu da rakoda suke fita aiki, ko Zoom F6 da F8n, ko MixPre na Sound Devices ga wanda aljihunsa ya kai. Idan makirfo biyu ko huɗu ne kawai, kuma kana bin kyamara a ƙafa, rakodar ta fi maka, kada ka wahalar da kanka. Amma akwai aikin da kwamfuta ta fi dacewa da shi: shiri mai dogon zango da ake ɗauka a gida ɗaya, zaman tattaunawa na mutum takwas, majalisin waƙa, tafsiri, ko duk inda layukan sauti suka yi yawa kuma ana son sunan kowane sin da kowane tek ya shiga cikin fayil tun daga lokeshin. A nan mutum kan haɗa akwatin shigar da sauti da laftof ko ƙaramar kwamfuta, ya buɗe manhaja irin Reaper, ko Boom Recorder ga masu Mac, ya zauna a kan keken kayansa.

Da zarar ka yi haka, matsalar allo za ta taso. Murfin laftof yana tare maka gani, maus ba shi da wurin zama, kuma ƙwas-ƙwas ɗin kibod a ɗakin da aka yi tsit yana iya shiga makirfo. Ƙaramin allon taɓawa yana magance duk wannan. Sai dai mai sauti ba ya zaɓen allo kamar yadda edita ko mai kyamara suke zaɓa. Su kyan launi suke nema. Kai abin da kake nema shi ne allon da ba zai sa ƙara a cikin sautinka ba, wanda za ka iya karantawa a rana, kuma zai amsa yatsanka a karon farko lokacin da darakta ya ce akshin.

Mataki na farko: ka tabbatar taɓawar za ta isa kwamfutarka

Nan ne aka fi asarar kuɗi. Monitocin kyamara irin na SmallHD, Atomos da Feelworld da yawa ana rubuta musu cewa na taɓawa ne, kuma gaskiya ne, amma taɓawar ta sarrafa monitan kansa ce: ƙara haske, zuƙo hoto, buɗe jerin saitinsa. Ba ta komawa kwamfuta. Ka haɗa shi da HDMI za ka ga hoton manhajarka tas, ka danna maɓallin ɗauka har ka gaji ba abin da zai motsa. Allon da kake so dole ya kasance yana da hanyar mayar da taɓawa zuwa kwamfuta, wato ramin USB na daban wanda aka rubuta don taɓawa, ko USB-C guda mai ɗauke da hoto da taɓawa tare. Idan mai shago ya kasa nuna maka wannan ramin, ka bar masa kayansa.

Sai tsarin kwamfutar. Windows ta san allon taɓawa da kanta, musamman daga Windows 8 da ta fito a 2012 zuwa yau. Yawancin alluna kana sokawa za su kama ba tare da ka ɗora komai ba. Linux ma takan gane su, sai dai wani lokaci ka gaya mata wane allo ne na taɓawar. Mac ce mai wuyar sha'ani. Apple ba ta gina macOS don taɓawa da yatsa ba, saboda haka wani allon zai yi kamar maus mai danna ɗaya, wani kuma ba zai yi komai ba sai ka sa manhajar direba, kamar UPDD ta kamfanin Touch-Base wadda sayenta ake yi. Mai Mac ya nemi amsar tambaya biyu kafin ya biya: shin allon yana da direba ta macOS, kuma direbar tana aiki da zubin macOS ɗin da ke kan kwamfutarsa yanzu? Direbar da aka rubuta tun zamanin Mac masu injin Intel ba lalle ta yi aiki a kan masu injin M1 na Apple da waɗanda suka biyo bayansa ba.

Mataki na biyu: girma da yawan ɗigon hoto

Girman da ake samu a kasuwa yawanci inci 7, 8, 10.1, 13.3 da 15.6 ne. Don ka gane su a zahiri: fuskar allo mai inci 7 faɗinta kusan santimita 15 ne, tsayinta 9. Mai inci 10.1 kusan 22 da 14. Mai inci 15.6 ya kai 34 da 19, wato fuskar laftof sosai, kuma idan ka kai nan ka koma matsalar da ka gudo. Kafin ka sayi komai, yanko kwali a waɗannan ma'aunai, ka ɗora a kan kekenka ko teburinka, ka zauna yadda kake zama da hedfon a kunne, ka miƙa hannu. Za ka ga wanda ke tare maka risibobin makirfo marar waya da wanda hannunka ke kaiwa ba tare da ka miƙe ba.

A ganina inci 10.1 ne ya fi dacewa da yawancin masu aiki a keke. Inci 7 yana da daɗin ɗauka, amma manhajojin sauti an zana su ne don maus, maɓallansu ƙanana ne. Ga lissafin da zai nuna maka: allo mai inci 10.1 da ɗigo 1280 a 800 yana da ɗigo kusan 149 a kowane inci. Maɓallin da faɗinsa ɗigo 24 ne zai fito kusan milimita 4. Kan yatsan babban mutum kuwa yana buƙatar wajen milimita 9 kafin ya danna abu ba tare da ya taɓa na kusa da shi ba. Kenan ko a inci 10.1 ɗin ma sai ka ƙara wa maɓallai girma, balle a inci 7.

Shi ya sa yawan ɗigo ba kullum ne alheri ba. Allo mai inci 10.1 da 1920 a 1200 hotonsa ya fi kyau, amma komai zai ƙanƙance, sai ka sa Windows ta faɗaɗa zuwa kashi 150, ka dawo daidai faɗin aikin 1280 a 800. Rubutu zai fi fita, wannan riba ce, amma wasu tsofaffin manhajoji da tagogin direbobin akwatin sauti ba sa faɗaɗuwa da kyau. Abin da zan hana ka kai tsaye shi ne allo mai 800 a 480, kuma ka yi hattara da 1024 a 600, wanda shi ne ya cika kasuwa a inci 7 saboda masu ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Tsayin ɗigo 600 ya yi kaɗan: za ka buɗe tagar saiti ka tarar maɓallin amincewa ya faɗa ƙasan allo, ba ka ganinsa. Ka nemi tsayin da bai gaza 768 ba, 800 ya fi.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ka mayar da allon laftof ɗinka 1280 a 800 ko abin da ya fi kusa, ka buɗe manhajarka da adadin layukan da ka saba ɗauka. Shin mitocin ƙarfin sauti duka sun fito? Agogon lokaci ya fito? Wurin rubuta sin da tek fa? Idan ba su shiga ba a nan, ba za su shiga a ƙaramin allo ba. Ka kuma lura da abin da wasu 'yan kasuwa ke rubutawa, cewa allo "yana karɓar" 1080. Karɓa daban, ainihin ɗigon gilashin daban. Ainihin shi za ka tambaya.

Mataki na uku: wace irin taɓawa

Iri biyu ne. Akwai mai aiki da dannawa, wanda fuskarsa leda ce mai taushi a kan gilashi, irin na tsofaffin na'urorin POS da wayoyin da ake tsokana da tsinke. Yana amsa farce, safar hannu da bayan biro, ɗigon ruwa ba ya ruɗa shi, amma yawanci yatsa ɗaya yake ganewa, yana rage hasken allo, yana karcewa, kuma lokaci-lokaci sai an sake daidaita shi. Akwai kuma irin na wayoyin yanzu, gilashi mai tauri da ke jin yatsa ta hanyar lantarkin jiki. Shi ya fi sauri, yana gane yatsu da yawa, ya fi sauƙin gogewa. Rauninsa biyu: ruwa ko gumi a fuskarsa kan sa ya danna abin da ba ka danna ba, kuma wuta marar tsabta tana haukata shi. Duk wanda ya taɓa sa wayarsa a caja marar kyau ya ga tana rubutu da kanta ya san abin da nake nufi. A lokeshin da ake aiki da janareta, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin taɓawar ƙarya guda a kan maɓallin tsayawa ta isa ta yanke maka tek.

Duk da haka irin na waya nake ba da shawara, da sharaɗin za ka ba shi wuta daga batir. Mai dannawa sai ga wanda aikinsa ya fi yawa a waje cikin damina.

Mataki na huɗu: haske

Ana auna hasken allo da nit. Allon ofis da yawancin allunan tafi-da-gidanka suna tsakanin nit 200 zuwa 350. A cikin ɗaki sun wadatar. A tsakar gida da hantsi, ko a ƙarƙashin bishiya a ƙauye, za ka riƙa ganin fuskarka maimakon mitoci. Daga nit 400 zuwa 500 ana iya aiki a inuwa mai kyau idan aka yi wa allon rumfa. Wanda ake karantawa a rana sosai yana farawa ne daga wajen nit 1000, kuma kamfanoni irin Lilliput da Xenarc suna da irinsa a ƙananan girma. Sai dai hasken yana da farashi uku: kuɗi, cin batir, da zafi.

Saboda haka ka duba aikinka da gaskiya. Mai sauti ba dole ya zauna a rana ba. Kebul ɗin makirfo mai tsawo ko risiba suna ba ka damar komawa inuwa. Allo mai nit 500 da rumfar baƙin kwali ko yadi a kansa da gefunansa yakan fi mai nit 1000 da aka bari tsirara. Ka nemi gilashi nau'in IPS, domin za ka riƙa kallonsa daga gefe yayin da idonka ɗaya ke kan 'yan wasa, kuma nau'in TN yana dusashewa da ka kauce kaɗan. Fuska marar sheƙi ta fi mai sheƙi; idan mai sheƙi ka samu, akwai ledar da ake mannawa ta rage ƙyalli.

Ɗaya gefen da ake mantawa: ya iya yin duhu. A sin ɗin dare, allon da ba ya raguwa sosai zai haska bango, mai fitila ya zo yana roƙonka ka rufe. Ka gwada mafi ƙarancin haskensa kamar yadda ka gwada mafi yawa, kuma ka fi son wanda ke da maɓallin haske a jikinsa.

Mataki na biyar: ka saurari allon

Wannan shi ne matakin da ya raba zaɓenka da na kowa, kuma shi ne ba za ka taɓa samu a rubuce a jikin kwali ba. Allo yana iya ɓata maka sauti ta hanya huɗu.

Ta farko ita ce ƙarar da kunne ke ji a iska. Wasu alluna masu tsananin haske suna da fanka a ciki. Mai fanka bai dace da kai ba, sai idan ana iya kashe ta. Wasu kuma ba fanka, amma suna fitar da siririyar tsuwwa daga na'urar da ke sarrafa wutar fitilar baya, kuma tsuwwar takan sauya idan ka rage haske, domin yawancinsu suna rage haske ne ta hanyar kunna fitilar da kashe ta da sauri ƙwarai. Ka kara kunnenka a bayan allon a wuri shiru, ka ɗaga hasken daga ƙasa zuwa sama a hankali. Sau da yawa a tsakiya ne tsuwwar ta fi fitowa, ba a ƙarshe ba. Sannan ka duba ko yana yin ƙara idan an taɓa shi ko an kunna shi, ka tabbatar ana kashewa.

Ta biyu ita ce ƙarar da ke bi ta waya. Da ka haɗa allon da kwamfuta ta HDMI da USB, ka kuma ba shi wuta daga wani soket ko batir ɗin da akwatin sauti ke sha, ka buɗe wa wuta hanyoyi fiye da ɗaya na komawa ƙasa. Sakamakon shi ne gurnanin nan na wutar gari mai bugu 50 a daƙiƙa, ko wani zizar da ke sauyawa duk lokacin da hoton allo ya motsa. Yadda za ka kama shi: ka soka makirfonka na bum, ka ɗaga ƙarfin shigarsa zuwa inda kake ɗaukar magana ƙasa-ƙasa, ka rufe shi da matashi ko ka kai shi ɗaki shiru, ka ɗauki minti ɗaya allon a kashe kuma a cire, sannan minti ɗaya a haɗe, sannan minti ɗaya kana jan yatsa a kansa. Ka saurara da hedfon, ka kuma duba hoton zangon sautin a manhaja. Layi siriri da ya tsaya wuri ɗaya wanda babu shi a ɗaukar farko, daga allon yake. Maganinsa yakan kasance raba wa allon nasa batir, amfani da kebul ɗin XLR kaɗai a hanyar sauti, da raba wayoyin hoto da na makirfo kada su kwanta tare. Idan dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera.

Ta uku ita ce katsalandan ga makirfo marar waya. Kebul ɗin HDMI mai araha marar rufi mai kyau, da na'urar wutar cikin allon, suna watsa hayaniyar rediyo. Idan eriyar risibarka tana dab da su, nisan da makirfon ke kaiwa zai ragu, ka yi ta zargin batir ko ɗan wasa. Gwajin: ka kashe duk tiransimita, ka sa risiba ta binciki tashoshi allon a kashe, ka sake allon a kunne. Idan tashoshin da ba kowa sun ragu, ka ga ɓarawon. Gajeren kebul mai kauri da dunƙulen ferayit a bakinsa, da ɗaga eriya sama nesa da allon, suna taimakawa sosai. Masu amfani da ƙananan makirfo na zangon 2.4 gigahaz, irin Rode Wireless GO, DJI Mic da Hollyland Lark da suka yi yawa a hannun matasanmu, su ƙara sanin cewa ramukan USB 3 da wayoyinsu an san su da watsa hayaniya a daidai wannan zangon. Kada risiba ta zauna a jikin ramin.

Ta huɗu ba ƙara ba ce, tsinkewar ɗauka ce, kuma ta fi sauran muni. Akwai ƙananan allunan da ke karɓar hoto ta USB zalla ta fasahar DisplayLink, kamar da yawa daga na Mimo. Kebul ɗaya, abin sha'awa. Amma kwamfuta ce ke matse hoton ta tura shi ta USB, wato yana cin ƙarfin injin kuma yana raba hanya da akwatin sautinka. Mitoci kuwa kullum motsi suke. Ga aikin da ɗan tsinkewa na ƙiftawar ido ke lalata tek, ni ba na son komai ya yi gogayya da akwatin sauti a hanyar USB. Ka zaɓi hoto ta HDMI, ko ta USB-C mai ɗauke da DisplayPort na gaske. Bayanin taɓawa shi kaɗai ba shi da nauyi, amma ko shi ka soka shi a rami daban, kada ya hau reshe ɗaya da akwatin sauti. Masu Windows su sa manhajar gwaji ta LatencyMon ta yi gudu na minti goma sha biyar allon a haɗe, su ga ko wata direba tana riƙe injin.

Mataki na shida: wuta

Ka duba abu biyu a bayan allon: bolt nawa yake karɓa, kuma wat nawa yake ci. Allunan tafi-da-gidanka bolt 5 suke sha ta USB, suna tafiya da fawa bank. Na masana'antu da na mota yawanci bolt 12 ne. Ka kula sosai a nan: batir ɗin V-mount da ake cewa 14.4 yana kaiwa bolt 16.8 idan ya cika. Allon da aka rubuta masa 12 kawai, idan ka ɗauko masa wuta kai tsaye daga ramin D-Tap na jikin batir ɗin, kana iya ƙona shi. Ko ka sayi mai karɓar zango mai faɗi, misali wanda aka rubuta 7 zuwa 24 ko 9 zuwa 36, ko ka sa na'urar daidaita wuta a tsakani, ita ma ka saurare ta kamar yadda ka saurari allon. Idan ramin wutar XLR ne mai fil huɗu, ƙa'idar da aka saba ita ce fil na 1 negatif, na 4 fozitif. Idan zagayayyen baki ne, akwai mai milimita 2.1 da mai milimita 2.5 a ciki, suna kama da juna amma ɗaya yana yin sako-sako a ramin ɗaya, allon ya riƙa ɗaukewa da an girgiza keke. Kafin ka soka kowace wayar da mai gyara ya haɗa maka, ka auna ta da mita.

Lissafin batir mai sauƙi ne: ka raba wat-awa na batir da wat ɗin kaya. A ce allonka wat 10 yake ci, batir mai wat-awa 98 zai riƙe shi kusan awa goma, ka cire kaɗan saboda asara. Idan ka ɗora masa ƙaramar kwamfuta mai wat 20 da akwatin sauti mai wat 8, jimla 38, ka sauko awa biyu da rabi. Wannan shi zai gaya maka batir nawa za ka fita da su, kuma shi zai nuna maka abin da allo mai nit 1000 zai ja maka. Allon da ke shan wuta daga laftof ta USB-C kuwa batir ɗin laftof ɗin yake zuƙewa, kada ka ɗauka kyauta ne.

Mataki na bakwai: jiki, ramuka da maƙali

HDMI babba ya fi mini, mini ya fi maikuro. Ƙananan ramukan nan su ne ke fara lalacewa. Ka fi son allon da ramukansa ke kallon ƙasa ko baya, ka ɗaure wayoyin a jikin keke don nauyinsu kada ya rataya a ramin. A bayansa ka nemi ramukan sukurori huɗu na VESA 75, ko ramin kwata-inci irin na ƙasan kyamara. Allon taɓawa tura shi ake yi, saboda haka hannun da ke riƙe monitan kallo lafiya lau zai iya yin lilo a nan. Maƙali gajere mai ƙarfi, ko jingina ƙasan allon a kan shiryayye, shi ne daidai.

Sai yanayinmu. Kayan gida da ofis galibi an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, Kano da Sakkwato da Maiduguri kuwa suna haura haka a watan Afrilu ko a inuwa. Gilashin LCD da rana ta doka kai tsaye yana iya yin baƙi wuri-wuri har sai ya huce. Ka karanta zangon zafin da aka rubuta, ka zaɓi mai jikin ƙarfe idan da hali, kada ka bar shi a mota a rufe. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: mai ramukan iska da yawa yana shaƙarta, kuma idan ka goge gilashi da busasshen tsumma alhali da ƙura a kai, karce shi kake yi. Ka fara hurewa, sannan ka goge da yadi mai laushi.

Mataki na takwas: gwaji kafin biya

Idan a Farm Centre ko Beirut Road a Kano za ka nema, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ka tafi da laftof ɗinka, akwatin sautinka, hedfon da batir ɗin da za ka yi aiki da shi. Ka ce wa mai shagon, "Alhaji, ka yi haƙuri in haɗa in gwada, idan ya yi ba zan tsaya dogon ciniki ba." Ka buɗe Paint, ka ja layi a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa da kuma gefe-gefe, inda layin ya tsinke ko ya karkace, taɓawar ta mutu a wurin. Ka danna kusurwoyi huɗu, domin a can maɓallan rufewa suke. Ka cika allon da fari, sannan baƙi, ka nemi matattun ɗigo. Ka fita da shi bakin ƙofa ka gani a hasken rana. Ka cire kebul ka mayar sau da yawa, ka ga ko taɓawar tana dawowa da kanta. Kasuwa ba wurin jin tsuwwa ba ce, don haka ku yi magana a kan cewa za ka iya dawo da shi idan ya yi ƙara a gida. Wanda zai yi oda daga waje ya tabbatar da lambar samfurin harafi-harafi, domin kamfani ɗaya kan fitar da allo iri ɗaya, wani da taɓawa wani babu, bambancin harafi ɗaya ne a ƙarshen suna.

Mataki na tara: saita shi don aiki

A Windows, idan kana da allo biyu, taɓawar kan sauka a allon da ba shi ba. Ka shiga Control Panel, ka buɗe Tablet PC Settings, ka danna Setup, ka taɓa allon da aka nuna maka. Ka hana allo da kwamfuta barci, ka kashe USB selective suspend a saitin wuta, ka kashe sanarwa da sautukan tsarin. Ka lura kuma da cewa da an soka HDMI, Windows kan mayar da fitar sauti zuwa lasifikar allon. Ka kashe wannan na'urar a jerin na'urorin sauti gaba ɗaya, manhajarka ta tsaya a kan direbar ASIO ta akwatinka, a 48 kilohaz da bit 24 kamar yadda aikin fim yake so.

Sannan ka gyara fuskar manhajar don yatsa. A Reaper kana iya gina layin maɓallai naka da manyan gumaka: ɗauka, tsayawa, sa alama, tek na gaba. Ka nisanta maɓallin tsayawa daga na ɗauka da na alama, ka cire duk abin da ba ka taɓawa a lokacin aiki, ka bar wa mitoci da agogo mafi yawan fili. Kada ka yi niyyar haɗa sauti da jan feda, wato maɓallin ɗaga sauti da rage shi, a kan gilashi. Idonka yana kan bakin ɗan wasa, yatsanka kuma ba ya jin inda fedar gilashi take. Ƙaramin abin sarrafawa mai feda na gaske, irin Korg nanoKONTROL2, ya ɗauki wannan aikin, allon ya tsaya a kan kallo, kunna layi da rubuta bayanin tek. Ka ajiye ƙaramin kibod mai laushin maɓalli a aljihun keke, ka sa wa ɗauka da tsayawa gajerun maɓallai a kansa, saboda ranar da ruwa ko gumi zai hana gilashin amsawa.

Wanda yake da tablet a hannu yana iya fara gwadawa da ita kafin ya kashe kuɗi. Reaper tana da shafin sarrafawa da ake buɗewa a burauza ta Wi-Fi, masu Mac da iPad kuma suna da Sidecar, mai mayar da iPad allo na biyu, tun macOS Catalina ta 2019, kodayake a can Apple Pencil ne ke danna maɓallan Mac yadda ya kamata, yatsa bai cika yi ba. Hanyar tana da amfani idan kana son tashi daga keke ka je kusa da sin. Idan makirfonka na zangon 2.4 ne, ka mayar da Wi-Fi ɗin zuwa 5 gigahaz ko ka haɗa da kebul. Kafin ranar aikin farko, ka haɗa komai yadda zai kasance a lokeshin, a kan batir, ka bar shi yana ɗauka awa biyu cur kana taɓa allon jefi-jefi, sannan ka saurari fayil ɗin ka duba ko akwai inda ya tsinke.